Litiyam a Jajayen Ƙwayoyin Jini: Manunin da Aka Ɗora wa Kayan da Ya Fi Ƙarfinsa

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, idan aka ambaci litiyam a Nijeriya, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne ma'adinin da ake haƙowa a jihohi irin su Nasarawa da Kwara domin haɗa batir. Amma tun kafin kasuwar batir ta san darajarsa, gishirin wannan sinadari ya riga ya yi suna a asibitocin ƙwaƙwalwa. Shi ne magani mafi daɗewa, kuma har yau yana sahun gaba wajen inganci, ga cutar da ke wujijjiga mutum tsakanin hali biyu, wato zabura da tsananin damuwa. A halin zabura majinyaci yakan ƙaurace wa barci ba tare da ya ji gajiya ba, ya yi ta zuba, ya ɓarnatar da dukiya, ya riƙa ganin kansa wani ƙusa. A halin damuwa kuwa duniya takan yi masa ƙunci har ya fara tunanin halaka kansa. Wannan cuta ita za a kira mai fuska biyu a wannan maƙala. Ita da 'yar'uwarta mai fuska ɗaya, wato damuwa zalla, su ne manyan cututtukan yanayin rai.

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma har gobe ta wannan hanya likitan ƙwaƙwalwa yake gane waɗannan cututtuka: ya duba, ya yi tambaya, ya saurari dangi. Babu wani gwajin jini da ke tabbatar da su kamar yadda ake tabbatar da ciwon suga ko zazzaɓin cizon sauro. Wannan giɓi ne ya sa masana suka daɗe suna farautar manuni, wato wani abu da ake iya aunawa a jiki ya ba da labarin cuta ko na aikin magani. Cikin manunan da aka fi ɗora wa buri a shekarun 1970 akwai adadin litiyam da ke shiga jajayen ƙwayoyin jini.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, awon kansa na gaskiya ne, kuma abin da yake aunawa yana nan a jikin ɗan Adam. Inda aka kauce hanya shi ne da aka nemi awo guda ya amsa tambayoyi uku mabambanta. Ya gaza a biyu, a ta uku kuma amsarsa ba ta cika ba. Don haka bai cancanci a yanke wa majinyaci hukunci da shi ba, kuma duk asibitin da kuɗinsa ke da iyaka gara ya zuba su a awon ruwan jini na yau da kullum, wanda shi ne ke tsare rai.

2.0 Magani Mai Ƙunƙuntar Hanya

Masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Arfwedson, shi ya gano litiyam a 1817, aka kuma samo masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin dutse. Shigarsa fagen lafiyar ƙwaƙwalwa ta zamani ta faro ne a 1949 ta hannun John Cade, likita a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Bundoora, kusa da birnin Melbon na Ostireliya. Cade yana neman wata guba ce da yake zaton tana cikin fitsarin masu zabura, sai ya lura cewa ɓerayen Masar da ya yi wa allurar gishirin litiyam sun yi laushi. Ya fara sha da kansa, sannan ya ba majinyata goma masu zabura, suka kuwa lafa.

Haɗarin maganin ya bayyana tun a wannan shekara. A Amurka an sayar wa masu ciwon zuciya wani gishirin litiyam a madadin gishirin miya, wasu suka rasu, aka janye shi daga kasuwa. Majinyacin Cade na farko ma gubar litiyam ce ta yi ajalinsa a 1950. Abin da ya ceci maganin daga shiga kwandon shara shi ne awo. Masu bincike a Melbon sun soma auna shi a ruwan jini, sannan Mogens Schou na ƙasar Denmak ya fitar da gwaji mai tsari a 1954, inda ya kwatanta litiyam da ƙwayar da ba magani a cikinta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba sai a 1970.

Daga nan aka tsayar da ƙa'idar da ake bi har yanzu. Ana ɗibar jini awa 12 bayan shan magani na ƙarshe, a auna litiyam a ruwansa. Abin da ake nema bisa al'ada yana tsakanin milimol 0.6 da 1.2 a kowace lita. Daga 1.5 zuwa sama alamun guba kan fara bayyana, irin su karkarwa mai ƙarfi da amai da gudawa da tangaɗi da sarƙewar harshe, idan kuma ya haura 2.0 rai na cikin haɗari. Tazarar da ke tsakanin waraka da guba ke nan, kuma ƙoda ce kusan kaɗai ke fitar da shi daga jiki.

Sai dai awon ruwan jini ya bar wani ɗaurin da bai kwance ba. Majinyata biyu kan nuna lamba iri ɗaya, ɗaya ya warke sarai, ɗayan ciwo ya ci gaba da dawo masa. Wani hannunsa na rawa a 0.8, wani ko a jikinsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shan litiyam na dogon lokaci ne ke samun cikakkiyar kariya, kuma kafin a tantance ko mutum yana cikinsu akan ci watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara. A tsawon wannan jira ƙodarsa da halittar tayirod da ke wuyansa suna ɗaukar nauyin magani, aurensa da sana'arsa kuma suna rataye. Wanda duk ya fahimci tsadar wannan jira ba zai ga laifin masu neman gajeriyar hanya ba.

3.0 Dalilin Komawa ga Jar Ƙwaya

Tunanin da ya kai masana ga jar ƙwayar jini mai ma'ana ne. Litiyam a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake aikinsa, ruwan jini kuwa hanya ce kawai da yake bi. Ba a iya yanko ƙwaƙwalwar mai rai a auna, amma jar ƙwaya tana samuwa da sirinji guda, kuma tantanin da ya lulluɓe ta yana ɗauke da wasu ƙofofi da famfunan gishiri masu kama da na ƙwayar jijiya. Sai aka ce bari a mai da ita wakiliya.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Ana juya jini a na'ura har ƙwayoyi su kwanta ruwa ya taso, a auna litiyam a kowane kashi, sannan a raba lambar ciki da lambar waje. Idan ruwan jini ya nuna 0.8, ƙwayoyi suka nuna 0.4, sakamakon shi ne 0.5. Wannan sakamako shi za a kira rabon litiyam. A yawancin mutane yakan tsaya ƙasa da 1, amma yana bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum, alhali a jikin mutum guda ba ya cika yin nisa da inda ya saba tsayawa.

Tsayuwarsa ƙasa da 1 ita kanta abin lura ce. Da litiyam yana shiga yana fita yadda ya ga dama, da adadinsa a ciki ya kai na waje ko ma ya ɗan zarce, saboda cajin lantarkin cikin ƙwaya yana janyo shi. Ke nan akwai abin da ke korar sa. A 1975 Haas da Schooler da Tosteson suka bayyana wannan abu a mujallar Nature, wasu masana a birnin Munik na Jamus, cikinsu har da Jochen Duhm da Waldemar Greil, suka faɗaɗa bayanin. Wata ƙofar musaya ce a jikin tantani, wadda ke shigo da sodiyam guda ta fitar da litiyam guda. Ana iya kwatanta ƙwayar da kwale-kwale mai yoyo. Litiyam yana tsiyayowa ciki ta 'yan kafofi, ƙofar musaya kuma ita ce mai kwarfe ruwa. Idan mai kwarfe yana da kuzari rabon zai yi ƙasa, idan raggo ne zai yi sama.

A 1973 Joseph Mendels da Alan Frazer na birnin Filadelfiya suka ba da rahoton cewa, cikin 'yan majinyata masu damuwa da suka ba litiyam, waɗanda suka samu sauƙi rabonsu ya fi na sauran. A kan wannan suka gina hasashen cewa tushen cutar wata naƙasa ce a tantanin ƙwaya. A birnin Shikago kuma Elizabeth Dorus da Ghanshyam Pandey da John Davis suka nuna cewa rabon tagwayen ƙwai ɗaya ya fi kusa da juna a kan na tagwayen ƙwai biyu, abin da ke nuna hannun gado. A 1979 suka wallafa a mujallar Science cewa, cikin dangin masu cuta mai fuska biyu, waɗanda su ma suka taɓa fama da ciwon yanayin rai rabonsu ya fi na 'yan'uwansu masu lafiya. A lokacin an ga kamar an kusa samun abin da aka daɗe ana nema.

4.0 Awo Ɗaya, Tambayoyi Uku

Kalmar manuni laima ce da ta rufe ayyuka da dama. Akwai manunin da ke cewa wane yana da cuta. Akwai wanda ke hasashen ko magani zai karɓe shi. Akwai kuma wanda ke sa ido kan maganin bayan an fara sha. Kowanne da irin hujjar da yake buƙata, kuma cin jarrabawar ɗaya ba ya nufin an ci ta sauran. Rabon litiyam an tura shi duka ukun.

Tambaya ta farko ita ce ta gane cuta. A nan matsalar ta fito da wuri. Ko a binciken da ya samu bambanci tsakanin majinyata da masu lafiya, bambancin na matsakaicin rukuni ne, lambobin ɗaiɗaikun mutane kuwa sun cakuɗe. Maza a jimlace sun fi mata tsawo, amma ba mai hankalin da zai ɗauki ma'aunin tsawo ya ce da shi zai tantance jinsin wanda ke bayan labule. Daga baya aka gano cewa shan litiyam kansa yana rage kuzarin ƙofar musaya, don haka kwatanta majinyacin da ya daɗe yana sha da lafiyayyen da bai taɓa sha ba tamkar auna sawun magani ne a kira shi sawun cuta. Binciken da Janice Egeland da abokan aikinta suka yi a cikin manyan zuriyoyin al'ummar Amish ta Amurka, wanda ya fito a 1984, bai samu wannan siffa tana bin cutar daga gida zuwa gida ba.

Wani abin da ya ƙara raunana da'awar daga wani fage ya ɓullo. A 1980 Mitzy Canessa da abokan aikinta suka nuna a mujallar New England Journal of Medicine cewa wannan ƙofar musaya ta fi kuzari a jikin masu hawan jini. Daga baya aka ga tana sauyawa da juna biyu, da yawan kitse a jini, da ciwon ƙoda na masu suga. Awon da hawan jini ke ja ƙasa, magani ke turawa sama, ciki ke jirkitawa, ba zai zama shaidar cutar rai ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta hasashen waraka, kuma ita ce aka fi kwaɗayi. Bayan rahoton 1973 wasu cibiyoyi sun samu irin sakamakon, wasu ba su samu komai ba. Dalilan saɓanin ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin binciken a kan mutane ƙalilan aka yi su. Ma'anar samun sauƙi ta bambanta, wani yana nufin lafawar damuwa cikin makonni, wani yana nufin rashin dawowar ciwo cikin shekaru. Rabon yana hawa idan adadin ruwan jini ya hau, wasu magungunan taɓin hankali da ake haɗawa da litiyam su ma suna ɗaga shi. Akwai kuma wani tarko mai wuyar gani. Majinyacin da ke shan magani kullum ƙwayoyinsa kan cika da litiyam, kuma shi ne ya fi yiwuwar warkewa. Wanda ke tsallake kwanaki rabonsa kan yi ƙasa, ciwonsa kuma ya dawo. Mai duba alƙaluma zai ga rabo mai yawa yana tafiya da waraka, ya zaci ya gano sirrin tantani, alhali wataƙila abin da ya auna shi ne riƙon magani.

A ƙarƙashin duk wannan akwai batun wakilcin kansa. Kama da wane ba ta wane. Jar ƙwaya ba ta da cibiya, ba ta aika saƙo, cajin lantarkinta bai wuce milibolt 10 ba, alhali na ƙwayar jijiya ya kai kimanin 70. Ƙwayar jijiya tana da ƙofofin sodiyam masu buɗewa duk lokacin da ta harba saƙo, litiyam kuma yana bi ta cikinsu, jar ƙwaya kuwa ba ta da irinsu. Da aka samu na'urar maganaɗisu mai iya hango litiyam a ƙwaƙwalwar mai rai, abin da Renshaw da Wicklund suka fara nunawa a 1988, sai aka samu damar gwada wakiliyar. Binciken Tadafumi Kato da abokan aikinsa a Japan a 1993 ya nuna cewa adadin da ke ƙwaƙwalwa ya fi tafiya da na ruwan jini a kan na jajayen ƙwayoyi. Wato awon da aka so a maye gurbinsa ya fi magajin nasa kusa da gaskiya.

Tambaya ta uku ita ce ta sa ido, kuma a nan ne awon yake da ɗan abin cewa. Litiyam yana saurin hawa a ruwan jini, amma yana jinkirin taruwa a ƙwaya. Majinyacin da ya yi watsi da magani, ya haɗiyi ƙwayoyi ana gobe ranar asibiti, ruwan jininsa na iya rufa masa asiri, rabonsa kuwa ya faɗi ƙasa da inda aka san shi. Haka kuma an sha ba da rahoton majinyatan da suka nuna alamun guba a ƙwaƙwalwa alhali ruwan jininsu na cikin iyaka, aka tarar ƙwayoyinsu sun tara da yawa. Wannan ne ya sa wasu ɗakunan gwaji, musamman a Faransa, ba su daina yin awon ba. Amma ko a can, wani bincike da aka wallafa a 2003, wanda ya kwatanta awon biyu a masu shan magani bisa ƙa'ida da waɗanda guba ta kama, bai ga wata fa'ida ta a-zo-a-gani da awon ƙwaya ya ƙara ba. Manyan jagororin jinya, irin na hukumar NICE ta Ingila, a kan ruwan jini suka dogara. Likitan da ya ga majinyaci yana tangaɗi harshensa na sarƙewa, wajibinsa ya dakatar da magani nan take, ko da wace lamba takarda ta nuna.

5.0 Hujjar Masu Kare Shi

Masu ganin an yi gaggawar binne wannan awo suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sukan ce cuta mai fuska biyu suna ne guda da aka raɗa wa cututtuka da yawa, don haka naƙasar tantani tana iya zama gaskiya ga wani ɓangare na majinyata, sai ta nutse idan aka haɗa kowa a kwarya ɗaya. Tun a 1978 David Ostrow da abokan aikinsa sun yi magana ne a kan wani rukuni na majinyata, ba duka ba. Sukan ƙara da cewa saɓanin sakamako ya samo asali daga bambancin hanyoyin gwaji, domin ruwan jinin da ke maƙalewa tsakanin ƙwayoyi da jinkirin raba jini suna iya ɓata lamba.

Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma ba su kai ga inda ake so su kai ba. Idan manuni yana aiki ga wani rukuni kaɗai, dole a samu hanyar gane rukunin wadda ba ta dogara da manunin kansa ba, in ba haka ba magana ta zama zagaye: masu rabo mai yawa su ne rukunin, rukunin kuma su ne masu rabo mai yawa. Batun hanyoyin gwaji kuma takobi ne mai kaifi biyu. Awon da ƙwararrun ɗakunan bincike na Turai da Amurka suka kasa daidaita shi a tsakaninsu, da wuya ya daidaitu a asibitin da wutar lantarki ke ɗaukewa ana tsakiyar juya jini.

Abin da ya dace a yarda da shi shi ne, wannan bincike bai tafi a banza ba. Ya bayyana yadda litiyam ke ratsa tantani, ya tabbatar da cewa gado yana da hannu a yadda jiki ke sarrafa shi, ya kuma buɗe wa masu nazarin hawan jini wata ƙofa da ba su nema ba. Amfanin abu a ɗakin bincike daban, cancantarsa a gaban gadon majinyaci daban.

6.0 Batun Baƙar Fata da Ƙasashen Zafi

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya shafi Afirka kai tsaye. A 1980 Samuel Okpaku, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Nijeriya, tare da Frazer da Mendels, suka fitar da wani ɗan binciken share fage a kan bambancin jinsi a yadda litiyam ke ratsa jar ƙwaya. Masu nazarin hawan jini su ma sun sha samun cewa ƙofar musaya ba ta kai kuzari a jikin baƙaƙen fata ba idan aka kwatanta da Turawa. A 1995 Tony Strickland da Keh-Ming Lin da abokan aikinsu suka ba da rahoton cewa baƙaƙen Amurka masu cuta mai fuska biyu rabonsu ya fi na fararen, duk da adadin ruwan jininsu ya yi kusa, kuma sun fi kokawa da illolin magani.

Wannan sakamako yana buƙatar a riƙe shi da hannu biyu. Ta gefe guda gargaɗi ne mai amfani, domin iyakokin da ake bi an tsayar da su ne galibi a kan majinyatan Turai da Arewacin Amurka, kuma hikima ce likita ya fara da kaɗan, ya hau a hankali, ya ɗauki koken majinyaci da muhimmanci. Ta ɗaya gefen kuma binciken ƙarami ne, kuma baƙar fatar Amurka ba ta wakiltar Bahaushe ko Babarbare ko Bafulatani, tun da Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin gado tsakanin al'ummominta. Babban haɗari shi ne a mai da wannan 'yar lamba hujjar hana baƙar fata litiyam gaba ɗaya. A Amurka an daɗe da sanin cewa baƙaƙe masu cuta mai fuska biyu sun fi fuskantar a yi musu kuskuren ganewa, a ɗauke su masu wata cutar taɓin hankali daban. Ƙara musu wani shinge zalunci ne, musamman da yake litiyam na cikin 'yan magungunan da aka nuna suna rage kisan kai, kamar yadda nazarin Andrea Cipriani da abokan aikinsa na 2013 ya tattaro.

Sannan jar ƙwayar da ake son a mai da ita ma'auni, a ƙasar Hausa ita kanta fagen fama ce. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta mai amosanin jini kuwa ba ta cika wuce kwana 20 ba, kuma an san cewa ƙofofin gishirin tantaninta a hargitse suke. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da wannan cuta. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma a cikin jar ƙwaya take zama, tana kuma huda wa kanta sababbin kafofi a tantani domin ta ci abinci. Hankali kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar da aka samo daga irin wannan jini fassararta za ta fi wuya.

Abin da ke barazana ga mai shan litiyam a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram sananne ne, kuma awon ruwan jini yana kama shi. Ƙoda tana ɗaukar litiyam tamkar sodiyam, don haka duk lokacin da jiki ya rasa ruwa da gishiri, ta riƙe sodiyam, sai ta riƙe litiyam tare da shi. Zufar bazara da gudawa da amai da zazzaɓi duk suna iya ɗaga shi. Azumi a tsananin zafi yana buƙatar shawarar likita tun kafin wata ya kama. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake saye a kemis ba takarda, suna hana ƙoda fitar da shi, haka ma wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari. Har kwalbar ɗibar jini tana iya yaudara, domin akwai wadda sinadarin hana daskarewar da ke cikinta yana ɗauke da litiyam, idan aka yi kuskuren amfani da ita sai lamba ta yi tashin gwauron zabo.

7.0 Darasi ga Sababbin Manunai

Labarin rabon litiyam ba shi kaɗai ba ne. A 1981 Bernard Carroll ya gabatar da gwajin deksametason a matsayin hanyar gane damuwa mai tsanani, asibitoci suka rungume shi, kafin shekaru goma aka gane cewa rama da shan giya da wasu cututtukan jiki duk suna jirkita shi. A 2014 wani bincike daga Taiwan ya danganta karɓar litiyam da wata ƙwayar gado mai suna GADL1, da ƙarfin da ya ba kowa mamaki, amma masu bincike a wasu ƙasashe ba su sake samun hakan ba. Gamayyar ConLiGen, wadda ta tattara majinyata 2,563, ta wallafa a mujallar Lancet a 2016 cewa ta ga wata alama a kan kuromosom na 21, sai dai tasirinta bai kai a yanke hukuncin jinya da ita ba. A 2015 an nuna a cibiyar Salk ta Amurka cewa ƙwayoyin jijiya da aka raino daga fatar majinyata suna lafawa da litiyam idan masu su na cikin waɗanda maganin ya karɓa. Abin sha'awa ne, amma shi ma a kan mutane ƙalilan aka yi, kuma shi ma wakili ne.

Salon iri ɗaya ne a mafi yawan lokuta: ƙaramin rukuni, sakamako mai ƙayatarwa, hasashe mai faɗi, sannan shekaru na saɓani. Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, in ji Hausawa, amma sai an shiga fagen kokawa ake tantancewa. Fagen kokawar manuni shi ne a gwada shi a kan sababbin majinyata masu yawa, a wurare daban-daban, a kuma nuna cewa ya faɗi abin da likita bai riga ya sani ba daga tarihin majinyaci. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi, domin tarihin yana faɗin abubuwa da yawa. Aikin Paul Grof da Martin Alda a Kanada ya nuna cewa litiyam ya fi karɓar wanda ciwonsa ke zuwa ya tafi ya bar shi garau a tsakani, da wanda wani ɗan'uwansa na jini ya taɓa warkewa da shi. Samun wannan bayani ba ya buƙatar na'ura. Yana buƙatar lokaci, da likita mai haƙurin tambaya a harshen da majinyaci da danginsa suke ji.

8.0 Kammalawa

Rabon litiyam a jajayen ƙwayoyin jini siffa ce ta tantanin ƙwaya, mai tushe a gado, wadda magani da hawan jini da juna biyu da wasu abubuwa ke juyawa. Ba ya gane cutar yanayin rai, ba ya kuma hasashen wanda zai warke. Matsayin da ya dace da shi bai wuce na ƙarin haske a hannun ƙwararre ba, a lokacin da ake shakkar ko majinyaci yana shan magani, ko alamun guba suka saɓa wa lambar ruwan jini. A fagen bincike kuwa ƙofa a buɗe take, kuma tambayar da Okpaku ya tayar a 1980 ta cancanci a amsa ta da jinin mutanen Afirka ta Yamma, a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Maiduguri, bisa sharaɗin a ware masu amosanin jini da masu zazzaɓi da masu hawan jini a lissafi, kuma kada a mai da sakamakon ƙa'idar jinya kafin a maimaita shi.

Kafin nan, abin da majinyaci yake bin asibiti bashi a bayyane yake. Litiyam yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba shi da tsada. Tsadarsa tana wajen kulawa: awon ruwan jini a awa 12 daidai, kowane mako a farko har ya daidaita, sannan duk bayan wata uku a shekarar farko, da duba ƙoda da tayirod da kalsiyam duk bayan wata shida, da sanar da majinyaci da danginsa alamun guba da magungunan da zai guje wa. Asibitin da ya tsayar da waɗannan ya ba majinyacinsa kariyar da kimiyya ta tabbatar. Wanda bai tsayar da su ba kuwa, babu wani awo na cikin ƙwaya da zai cike masa gurbinsu.